Dangi a Kan Layin Auta

Auta na tsakiyar bayanin abin da ungozoma za ta yi idan jariri ya zo da ƙafa, sai muryar malamin da ke yi mata tambaya ta karye. Ta fara jan kalma kamar mai in'ina, ta tsaya, ta dawo da gudu, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya.

Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da lissafi, tana zaune kan 'yar kujera a bakin ƙofar ɗakin, kunnenta manne da katako. Ba ta ga abin da ya faru ba, amma ta ji 'yarta tana cewa, "Kuna ji na? Ni ina nan. Kuna gani na?" Babu amsa.

Jarrabawar baka ce, ta ƙarshe a karatun Auta. Malaman suna wani gari mai nisa, ita tana gaban kwamfuta a ɗakin barcinta. Ƙa'idarsu ita ce ɗaliba ta zauna ita kaɗai, kyamara a kunne, ba mai shiga. Asibitin da ya yi mata alkawarin aiki kuma ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ta kawo shaidar cin jarrabawa a wannan zama, gurbin nata ne; in ba ta kawo ba, akwai masu jira.

Ƙofa ta buɗe. Auta ta fito.

"Umma, sun dawo, sun ce in je in gyara layina. Sun ba ni ɗan lokaci. Shugabarsu ta ce in ya sake yankewa haka, sai dai baɗi."

Falon da ya yi tsit ya kaure da salati. Cike yake tun safe. Gwaggo, yayar maigidan, ta zo da 'ya'yanta mata da jikoki. Ƙanen maigidan ya zo da matarsa. Akwai surukai, akwai wata 'yar uwa da Malama ta kasa tuna ta inda aka haɗu. Duk sun zo ne don taya addu'a, wai kada yarinya ta ji ita kaɗai. Malama ba ta taɓa gane yadda cika falo da mutane ke taimaka wa mai jarrabawa ba, amma ta daɗe da sanin cewa irin wannan tunani a ciki ake barinsa. Ta dafa shayi, ta raba.

"Ku ba ni wuri," in ji ƙanen maigidan yana naɗe hannun riga. Injiniya ake ce masa, tun ranar da ya gyara wata fanka ta yi kwana biyu tana juyawa kafin ta kama da wuta. "Wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. A kashe, a kunna. Da safe ma ba haka na yi ba?"

Modem ɗin, wato na'urar intanet ta gidan, na kan kanta kusa da talabijin, ɗan baƙin akwati mai ƙaho biyu da jerin fitilu. Fitilun sun kafe, ba mai ƙiftawa. Injiniya ya zare wayar wuta, ya hura ramin kamar mai hura garwashi, ya mayar. Kowa ya zuba ido. Jar fitila ta kama, ta koma ruwan ɗorawa, can sai kore.

"Gwada mu gani, 'yata."

Auta ta leƙa ɗaki, ta dawo. "Ya kawo."

"To! Matar yaya, a ƙara mini sukari a shayin nan, na ci ladana."

"Bari a gama tukuna, Injiniya. Fankar ma da farko ta juya," in ji Malama.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Auta ba ta yi ba. Ta dubi uwarta, ta shiga, ta rufe ƙofa.

Malama ta koma kujerarta. Muryar shugabar malaman ta fito tas, kamar tana cikin ɗakin. Aka ci gaba daga inda aka tsaya. A bayan Malama kuwa wata waya ta yi ƙara alamar saƙo ya shigo. Wata ta amsa daga kusurwa. Sai ta uku, sai ta huɗu, kamar kwaɗi bayan ruwa. Ba a jima ba muryar cikin ɗakin ta fara ɗingishi.

"...idan ji... nin bai tsa... ya ba..."

"Don Allah a maimaita," in ji Auta. Malama ta san wannan muryar. Ita ce muryar da take yi tun tana ƙarama in tana daf da kuka amma ba ta so a sani.

Malama ta tashi ta taɓa modem ɗin. Da ɗumi, amma ba zafin da zai tsorata mutum ba. Ta duba wayoyin bayansa, duk a cushe suke da kyau. Injiniya ya taso da mafici yana yi masa fifita, yana cewa waɗannan na'urori ba sa son zafi, shi ya sani. Gwaggo daga kan doguwar kujera ta ce ba zafi ba ne, bakin mutane ne, an cika yayata karatun yarinyar nan. Surukar wani ta ce hadari ne, in gajimare ya taru haka yake yi, alhali rana ce fayau a waje.

Wayar Malama na hannun jikokin Gwaggo, don haka ta ari ta maigidan ta nufi kicin. Ginin nasu irin mai kaurin bangon nan ne da sabis ba ya shiga. In kana son kiran waya, sai ka je tagar kicin ka miƙa wuya waje kamar mai leƙen maƙwabta. Abin da ya sa ma suka sa intanet na gida ke nan, kuma shi ya sa babu zancen Auta ta koma kan datar wayarta. Malama ta kira kamfanin. Aka sa mata kiɗa. Ta tsaya da kiɗan a kunne guda, ɗaya kunnen yana can bakin ƙofar ɗaki. Da aka ɗauka, wata murya mai ladabi ta ce daga wajensu layin lafiya lau yake, ko ta gwada kashewa ta kunna?

"An gwada. Yana yi, ya sake tsayawa."

"To a sake gwadawa, ranki ya daɗe."

Ta kashe kiran.

Ta tsaya riƙe da ƙarfen taga. Shekara da shekaru tana gaya wa ɗalibai cewa in lissafi ya ƙi fita, a daina maimaita abu guda ana fatan sa'a, a nemi abin da ya canza. Auta ta yi makonni tana gwaji da ƙawayenta a wannan ɗakin, da wannan kwamfutar, da wannan akwatin a inda yake, bai taɓa yin ko tari ba. Kamfani bai canza ba. Bango bai ƙara kauri ba. Kuma me ya sa in an kunna yakan yi lafiya na ɗan lokaci, har sai wayoyi sun fara kuka ɗaya bayan ɗaya?

Ta dawo ta tsaya a bakin falo, ta dubi baƙinta kamar yau ta fara ganinsu. Kowane hannu da waya. Matar Injiniya tana kallon wani bidiyo da abin ji a kunne. 'Ya'yan Gwaggo suna tura wa juna hotuna. Yaran sun dunƙule a kan kafet suna kallon zane mai motsi a wayar Malama, wadda ita da kanta ta miƙa musu don su yi shiru. Gwaggo kuwa ta ɗaga tata sama, ta saita ta da ƙofar Auta, ɗanta da matarsa da ke wata ƙasa suna ciki suna kallo.

"Ga ƙofar nan," Gwaggo ke raɗa musu. "Tana ciki. Ku yi ta cewa amin."

Duk a kan akwatin nan guda suke. Maigidan mutum ne da in baƙo ya shigo, kafin ruwan sha ya iso ya riga ya karanta masa lambar sirrin wayfai, harafi bayan harafi, yana murmushi. A wurinsa gidan da ake rowar wannan lamba daidai yake da gidan da ake ɓoye tukunya in an ji sallama.

Malama ta yafito shi zuwa lungun kicin.

"Malam, baƙinka ne suka danne layin. Sai kowa ya kashe waya."

"Wace irin magana ce wannan? Injiniya ya ce zafi ne."

"Injiniya ya ce. Ni kuma ina ce maka mutum ashirin ne ke ɗiba a bakin famfo ɗaya. Ka gaya musu, daga bakinka zai fi sauƙi."

Ya shafa gemu, ya leƙa falon, idonsa ya sauka kan yayarsa. "A gidana? Mutane sun bar harkokinsu sun zo saboda 'yarmu, in ce musu sun yi mana yawa? Ki bari mu ga, wataƙila ya daidaita."

Daga ɗakin aka ji Auta: "Na'am? Ban ji ƙarshen ba. Afuwan, a sake."

Malama ta juya ta bar shi. Canza lambar ba zai yiwu ba, don zai yanke Auta tare da kowa. Ta ɗauki babban tiren da ta raba shayi, ta goge shi da gefen zane, ta shiga falo. Ta fara da tata: ta zare ta daga hannun yaran, ta kashe, ta ɗora tare da ta maigidan. Ƙaramin ya buɗe baki zai tsala ihu, uwarsa ta toshe da tafin hannu.

"Jama'a, ku yi haƙuri," ta ce da raɗa, don ko faɗa za a yi yau sai dai a yi shi da raɗa. "Wayoyinmu ne ke cinye layin. Kowa ya kashe ya ɗora nan, in ta gama ku ɗauka."

"Ni fa ba komai nake yi ba, Anti."

"Ni ma saƙo ɗaya kawai na duba."

"To ba za ki yi asarar komai ba. Kawo."

Injiniya ya ce a ilimance wannan ba ya yiwuwa, iska ai ba ta cika. Malama ta miƙa masa tire, ta tsaya har sai da ya ɗora. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna dariyar yaƙe, wasu sun ɗaure fuska. Tiren ya yi nauyi. Saura mutum guda.

Ta durƙusa a gaban Gwaggo. "Yaya, a taimaka."

Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa. Shekara talatin da auren, har yau Amarya take ce mata, kuma ba don so ba.

"Amarya, ni za ki karɓe wa waya? Addu'a muke yi. Ko addu'ar ma ta yi wa layin naki nauyi?"

"Addu'a ba ta bukatar layi, Yaya. Hoton ne ke ci. Naki ya fi na kowa ci."

Wata ta ja numfashi. Malama ta ji abin da bakinta ya faɗa bayan ya riga ya fita.

"Nawa ya fi na kowa ci," Gwaggo ta maimaita a hankali. Ta juya wajen ƙanenta. "Ka ji ko? Ni da na goya ka. Yau a gidanka an auna abin da nake ci."

"Yaya, ba haka take nufi ba..."

"...ki gaya ma... na ma... ta... kin far..." in ji kwamfutar daga bayan ƙofa. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Malama ta miƙe tsaye. Ta sa hannu ta zare wayar daga yatsun Gwaggo, fuskar ɗan Gwaggo tana ciki baki buɗe, ta danne maɓallin har gilashin ya yi baƙi.

Ba wanda ya motsa.

Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta ɗauki wayarta daga hannun Malama da yatsu biyu kamar abin ƙazanta. "Ku tashi," ta ce wa 'ya'yanta. Raɗa take yi, amma kowa ya ji. "Mu rage musu nauyi."

Aka yi ta tsintar wayoyi daga tire, ana neman takalma, ana jan yara. Ba sallama. Injiniya ya dubi yayansa, ya dubi Gwaggo, ya ce bari ya raka ta, matarsa ta bi shi. Maigidan ya bi su har bakin matakala yana "Yaya, Yaya," ba ta waiwaya ba. Ya dawo ya tsaya a tsakiyar falon, kofunan shayi ko'ina, bai dubi matarsa ba.

"...matakin farko da za ki ɗauka," muryar shugabar ta fito sarai. Auta ta fara amsawa, da rawar murya da farko, sannan ta miƙe. Malama ta zauna, ta ɗora goshi a jikin ƙofa. Aka wuce wannan tambaya, aka shiga wata. Wani malami ya ce madalla.

Sai kuma: "Hotonki yana tsa... tsayawa. Muna ji... amma..."

Malama ta ɗago. Babu waya ko ɗaya a kunne a gidan. Ta dubi modem ɗin: fitilar wayfai tana ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, kamar mai zazzaɓi. In ba baƙin ba ne fa? In ta kori yayar mijinta a banza?

A daidai nan ihu ya taso daga ƙasan bene, ihun maza da yawa a lokaci guda, irin na an kusa cin ƙwallo an ɓarar. A ƙarƙashin falonsu akwai shagon aski.

Ta juya a hankali. "Malam. Wa kuma ka ba lambar?"

Ya kawar da kai.

"Malam!"

"Mai askin nan ne. Yaron kirki ne, yana gaishe ni kullum. Ya ce talabijin ɗinsa na kama intanet, sai dai sabis ba ya shiga shagon."

"Shi kaɗai?"

"To... ya rubuta a bango. Saboda masu jira."

Malama ta rufe ido. Ta buɗe, ta nufi takalminta. "Zan sauka."

"A'a." Ya tare ƙofa. "Kin yi naki na yau."

"Malam, 'yarka ce a ciki."

"Na sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ce na sani. Zauna."

Ya ɗauki hula ya fita. Ta ji takunsa a matakala, a hankali, kamar wanda za a cire wa haƙori. Ta san shi. Mutumin da bai taɓa karɓe kyautar da ya bayar ba, ko da allura ce. Zai je ya tsaya a bakin shago ya yi gaisuwa, a tambaye shi iyali, ya tambayi kasuwa, ya dawo bai faɗi komai ba.

"Za mu ɗan ji... jira," in ji shugabar. "Idan bai dai... daita ba, ki yi haƙu..."

"Zai daidaita," in ji Auta. "Don Allah. Zai daidaita."

Malama ta ruga tagar falo ta leƙa. Rumfar shagon ta tare mata gani, sai dai ji. Ta ji sallamarsa. Ta ji ana "Sannu Baba, bismillah, ga kujera." Ta ji yana cewa ba aski ya kawo shi ba, 'yarsa ce ke jarrabawa a sama yanzu haka, ya zo neman alfarmar a taya shi addu'a. Ta cije leɓe. Addu'a kuma!

Sai ƙarar mai sharhin ƙwallo ta ɗauke ɗif. Ba a addu'a talabijin na ihu, ko mai aski ya san wannan. Injin aski ma ya yi shiru. "Ku sa wayoyin a aljihu, 'ya'yana," ta ji ya ce, "a ɗaga hannu biyu." Ya fara.

Ta waiwaya. Fitilar ta rage gudu, tana ƙiftawa jefi-jefi.

"Yawwa, yanzu muna ganinki sosai," in ji shugabar. "Ci gaba."

Malama ta tsaya tsakanin taga da ƙofa, ba ta san wanne za ta saurara ba. A ciki Auta na bayanin yadda ake gane mai naƙudar da dole a garzaya da ita babban asibiti. A ƙasa maigidan ya gama yi wa Auta addu'a, ya shiga malamanta. Ya gama da su, ya kama mai aski da iyayensa da kakanninsa. Ya yi wa masu jira ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa sana'arsa. Amin ɗin da ta fara da ƙarfi ta soma yin laushi. Ya yi wa marasa lafiya, ya yi wa matafiya, ya yi wa waɗanda ke kan ruwa da waɗanda ke sama. Wani ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, an kusa tashi daga wasan fa." Maigidan ya ɗaga murya ya shiga yi wa 'yan ƙwallon addu'a, duka ɓangarorin biyu.

Muryarsa ta fara dushewa. Yana maimaita abin da ya riga ya faɗa. Malama ta damƙe labule. Tambaya nawa ta rage? Ta ji kujera ta motsa a ƙasa, wani ya fita yana gunaguni. Ta ji malami na uku ya ce yana da tambaya ta ƙarshe, ya kuwa jawo ta da tsawo, da misali a ciki. Auta ta yi shiru tana tunani. Malama ba ta taɓa jin shiru mai tsada irin wannan ba.

Sannan ta amsa. Aka ce ta ɗan jira su yi shawara. Aka dawo. Malama ba ta ji abin da aka ce ba, don an yi maganar ƙasa-ƙasa.

Ƙofa ta buɗe. Auta ta tsaya, rigarta jiƙe da gumi.

"Umma, na ci."

Malama ta rungume ta. Auta ta ɗago kai daga kafaɗarta, ta ga falo wayam.

"Ina Gwaggo? Ina kowa? Ina Abba?"

"Tsaya." Malama ta leƙa taga, ta ɗaga murya karo na farko a ranar. "Malam! A shafa haka nan! Ta ci!"

Amin ɗin da ta taso daga shagon har gilashi sai da ya amsa, kuma kafin ta sauka talabijin ya dawo. Wani yana cewa a zo a ƙarasa masa askin, rabin kansa ya bushe.

Maigidan ya hawo yana haki, ya dafa kan 'yarsa, ya buɗe baki, murya ta ƙi fita sai da ya sha ragowar shayin wani mai sanyi. Sannan ya dubi matarsa.

"Sai ki shirya. Gidan Yaya za mu."

"Na sani."

"Ba za ta buɗe mana ƙofa yau ba."

"Ko gobe ma. Mu dai je ta ji muna bugawa." Malama ta zauna a hannun kujera. "Ka bari ƙafafuna su dawo tukuna."